Motar Ɗauko Maijego

"Ƙara murɗawa in ji," in ji Namadi.

"Na murɗa har yatsuna sun yi ciwo. Abin da ka ji ɗazu shi za ka ƙara ji," in ji Faruku.

"Kai dai murɗa, baban jinjira. Kunnenka na sauraren wayar mata na, nawa kuwa na aiki na."

Faruku ya murɗa makulli. Motar ta ɗauki gurnani, injin yana juyawa da ƙarfinsa kamar yanzu zai kama, amma bai kama ba. Ya saki makullin, ya jingina goshinsa da sitiyari. Robar ta ɗauki zafin rana, tana ƙona shi, bai ɗago ba.

A bakin gulbi suke, ƙasan gonarsa ta shinkafar rani, bayan garin Gummi. Rana ta riga ta ɗaga. Da komai ya tafi yadda ya tsara, da yanzu ya ratsa ƙasar Bukkuyum, ya kusa hango Anka. Yau ce ranar da zai ɗauko matarsa Shamsiyya daga gidan iyayenta, inda ta tafi wankan jego na haihuwar fari tun cikinta yana tsufa. Ta yi arba'in, ta ma ɗora. Ita kuwa jinjirar, Hidaya, sau ɗaya ya riƙe ta, ranar suna, a gaban manya, kunya ba ta bar shi ya kalli fuskarta da kyau ba. Tun daga ranar a waya yake ganinta. Yakan zauna a kunyar gona ya buɗe hoton, ya yi ta jan sa da yatsu biyu har ƙaramin hancin ya cika fuskar wayar.

Ba a sa ranar nan da sauƙi ba. Innar Shamsiyya ta so a bar mata su har bayan sallah, wai jinjira ba ta yi ƙwari ba, zafi kuma ya yi yawa. Mahaifin Shamsiyya, Malam Badaru, shi ya yanke magana, ya ce ga rana an sa. In Faruku ya zo a ranar, ya tafi da iyalinsa. In bai zo ba, to maganar Inna ta hau. Faruku ya san surukarsa ba ta ƙi shi ba, jikarta ce ba ta son rabuwa da ita, kuma ya san tun da safe idonta yana kan ƙofa tana fatan shiru.

"Hito," in ji Namadi. "Batir lahiya shika. Kik shina yi kamar na sabuwa. Zo ka gaya mani mi ka yi wa baiwar Allah."

Namadi ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, bakanike a bakin tasha. Kiran waya ɗaya ya yi masa ya taso a kan babur, da jakar sifanu ɗaure a baya. Yanzu yana tsaye gaban bonet a buɗe, hannuwa a ƙugu, yana kallon injin da wani irin murmushi da Faruku bai so ba.

"Tun ranar da ka sayi motar ga nika shiga cikinta," in ji Namadi. "Ban taɓa sanin injin nata hwari na ba sai yau. Wanka ka yi mata?"

"Ɗan ɗauraya dai."

Namadi ya juya ya dubi injin ban-ruwa da ke bakin gulbi, ya bi tiyon da ido, ƙaton tiyo mai kaurin cinya da ke shayar da gona sukutum, har zuwa inda bakinsa yake kwance cikin taɓo kusa da tayar gaba.

"Da wancan ka ɗauraya?"

Faruku ya kau da kai. Malam Badaru tsohon direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai shinkafa da albasa kudu. Ido ya yi rauni, ya ajiye tuƙi, amma har gobe duk motar da ta tsaya a ƙofar gidansa sai ya sa an ɗaga masa bonet. Zai sunkuya, ya shafa yatsa a jikin inji, ya kawo yatsan kusa da ido, sannan ya yi shiru. Shirun nan Faruku yake tsoro. Motar tsohuwa ce, 'yar ƙarama ja, bayan girbin bara ya saye ta, surukin bai taɓa ganinta ba. Shi ya sa da gari ya waye ya gangaro da ita nan, ya tayar da injin ban-ruwa, ya wanke jikin motar, ya wanke tayoyi. Da ya ɗaga bonet ya ga baƙin mai da ƙura sun yi daɓe, sai ya ji ba zai iya kai wannan gaban Malam Badaru ba. Ya ɗauki tiyo da hannu biyu ya saita.

"Ita hwa mota ba kunyar shinkahwa ba ta," in ji Namadi. "Kai komi ka gani sai ka ba shi ruwa."

"Ɗan mace, in za ka gyara ka gyara. Rana na tahiya."

"Ɗan namiji, ai kai ka tsai da ita."

Can gefe, a inuwar wata giyayya, maƙwabcin gonarsa Sambo yana zaune yana fifita da malfa, har yanzu numfashinsa bai daidaita ba. Shi da sauran manoman da ke kusa sun tura motar kafin zuwan Namadi. Sun tura ta sama, sun turo ta ƙasa, Faruku yana ciki yana sakin kuloci, motar tana tuma kamar jaki tana sake lafawa, har sauran suka gaji suka koma bakin ruwansu.

"Ni dai na ce baki na," in ji Sambo daga inda yake. "Tun shekaranjiya kowa ka gamu da shi sai ka ce mashi za ka ɗauko iyali. Ba a yi haka."

"Baki na, Sambo," in ji Namadi. "Bakin tiyo."

Ya buɗe jakarsa ya zaro sifanar fulogi. Faruku ya matso.

"Tunda ka san ruwa na, mi za mu jira? A shanya ta mana."

"Na san ruwa na. Inda ya shiga nika nema, da abin da ya ɓata da ya shiga. Inji abu biyu shika so kahin ya tashi, mai da wuta. Bari mu ga wanne ya ƙi zuwa."

Ya cire waya ɗaya, ya kwance fulogin da ke ƙarƙashinta, ya kai hanci, sannan ya miƙa wa Faruku. Bakin fulogin a jiƙe yake, warin fetur ya daki hancinsa.

"Mai ya iso," in ji Namadi. "Har ya yi yawa, saboda murɗe-murɗenka. Saura wuta."

Ya mayar da fulogin cikin wayarsa, ya kwantar da shi a jikin ƙarfen inji. Rana ta yi haske da yawa, ko wuta ta fito ba za a gan ta ba, sai ya kira Sambo ya zo ya riƙe malfarsa a sama ta yi inuwa. Faruku ya koma ciki ya murɗa. Ta gilashi yana ganin ƙeyar Namadi da gefen malfar, ba ya ganin komai bayan wannan.

"Ya isa," in ji Namadi.

"Akwai?"

"Ko ƙyas."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Tun kafin ya duba ya san ko wace ce. Ya fita, ya ɗan yi nisa zuwa bakin ruwa, ya ɗauka.

"Kun taso?" Muryar Shamsiyya a ƙasa take, kamar wadda ta laɓe a bayan ɗaki. Ba ta kiran sunansa, ba ta taɓa kira ba, amma yadda take fara magana da shi ya fi masa suna.

"Muna shiri."

"Shiri tun da sahe? Ga su Gwaggo sun ɗaure kaya, an hito da gara tsakar gida. Baba ya sa an kai mashi tabarma ƙohwar gida." Ta ƙara sauke murya. "Inna kuwa ta ce kada a ɗaure gadon jinjira tukuna."

Ya rufe ido. A bayan muryarta ya ji wani ɗan sauti, ba kuka ba, irin ƙananan gunagunin da jarirai suke yi idan sun ƙoshi. Tuni ya share ɗakinta, ya shimfiɗa sabuwar leda, ya sa an ɗaura fanka mai aiki da hasken rana saboda zafin nan da ake ta faɗa. Jiya har tsayawa ya yi a tsakiyar ɗakin yana auna inda gadon jinjira zai zauna. A ce ya koma ɗakin nan yau shi kaɗai, ya ci gaba da kwana da hoto har bayan sallah?

"Mota ta ɗan yi gardama," ya ce. "Namadi na kanta."

"Babba ta?"

"Ban sani ba tukuna."

Sai ta ce, "Ni dai na yi lalle."

Da ya dawo ya tarar Namadi ya shiga ƙarƙashin sitiyari yana zaro fiyus ɗaya-ɗaya, yana ɗaga kowanne sama yana duba zaren cikinsa. Duk lafiya suke. Ya fito yana goge gumi da kafaɗa, kuma a karon farko tun zuwansa babu wasa a fuskarsa.

"Saurara," ya ce. Ya nuna wani ɗan baƙin akwati a gefen inji. "Wanga shi na kwayil, shi ka haihuwar wuta. Daga nan ta bi wagga waya mai kauri ta shiga distiribita, wancan mai kama da tukunya, shi kuma ya raba ta ga fulogai. In kwayil na da rai, to matsalar na cikin tukunya, kuma wasa ta. In ruwa ya ƙone kwayil..."

"Sai mi?"

"Irin nata babu shi cikin Gummi. Na nemi wa wani kwanan baya, sai da anka aiko daga Sakkwato."

Daga Sakkwato, ko an samu mai kawowa yau, sai yamma. Hanyar Anka kuwa kowa ya san ba a bin ta idan rana ta karkata, saboda rashin tsaro. Faruku ya tuna motocin haya, ya tuna sun tashi tun da sassafe, wadda ta rage a tasha sai ta cika, kuma ba ta cika. Ya tuna babur, ya ga kansa a ƙofar Malam Badaru da babur, ga maijego, ga jinjira, ga gwaggonni masu rakiya, ga buhunan gara.

Namadi ya zare wayar mai kauri daga tsakiyar distiribita.

"Ni zan murɗa yanzu, don na san iyakar da batir zai ɗauka. Kai riƙe nan. Ka kusantar da bakinta ga ƙarhe, kada ta taɓa, ka bar ɗan tsakani kamar kaurin ƙwayar shinkahwa. Sambo, inuwa."

Faruku ya riƙe. Wayar tana da danshi, tafinsa ma gumi ne. Ya ƙura wa ɗan tsakanin nan ido, bakinsa yana motsi da addu'ar da ta fara zo masa. A rayuwarsa bai taɓa kallon abu ƙarami haka da dukkan ransa ba.

Injin ya juya.

Abin da ya fara ji ba gani ba ne. Wani abu ne ya harbe shi daga yatsu zuwa gwiwar hannu har haƙora, kamar an dake shi da sanda daga cikin ƙashi. Ya yi tsalle baya, ya bangaje Sambo, malfa ta yi sama ta faɗa cikin taɓo. Amma kafin ya saki wayar ya gani, shuɗiyar wuta siririya tana tas-tas tsakanin waya da ƙarfe.

"Ta ja ni!" ya ce, yana yarfe hannu. "Namadi, ta ja ni."

Namadi ya leƙo ta taga yana dariya har da dukan ƙofa. "Na manta ban ce maka ka kama da tsumma ba."

"Ƙarya kaka yi, sane ka yi."

"To ya ka ji ta? Da ƙarhi?"

"Har cikin kunnena."

"Alhamdu lillahi. Kwayil ɗinka ya hi ka lahiya."

Faruku ya tsaya riƙe da hannunsa da ke zugi, yana dariya, idanunsa sun cika da ruwa, bai damu Sambo ya gani ba. Da za a ce ya sake kamawa, da ya kama. Sambo ya tsamo malfarsa yana kakkaɓewa, yana cewa shi dai ba a sake kiransa aikin inuwa.

Namadi ya kwance murfin distiribita a hankali. Faruku, da zumuɗi ya ɗebe shi, ya kai hannu zai fizge wayoyin fulogin da ke jikin murfin don a ji daɗin shanyawa. Namadi ya buge hannun.

"Bar su inda suke. Kowace da raminta. Ka cakuɗa su, mu wuni nan tana harbi ta salansa."

Ya kifa murfin. Ruwa ya zubo, ba ɗigo ba, ruwa sosai, ja-ja, da laka mai laushi irin ta gindin gulbi. Cikin murfin duk raɓa ce, 'yan ƙarafan da ke kewaye sun yi jirwaye. Ya nuna masa ɗan abin da ke tsakiya mai kama da yatsa.

"Wanga shi na rota. Shi ka juyawa shina miƙa wa kowane fulogi rabonshi. Wuta na isowa nan, sai ta iske ruwa, ta bi ruwan ta tsere cikin ƙarhe. Ita wuta ragguwa ta, inda ya hi sauƙi nan taka bi. Ga robar bakin murhin ma ta mutu tuntuni, shi ya sa tiyonka ya samu ƙohwa."

Tsumman Namadi duk baƙin mai ne, ba zai yi ba. Faruku ya buɗe kujerar baya, inda ya ajiye sabuwar shaddarsa a ninke don ya sa idan ya kusa Anka, ya zaro sabon hankicin da ke aljihunta ya miƙa. Namadi ya shinshina.

"Har da turare. Wagga distiribita ta yi sa'a."

Ya goge cikin murfin lungu-lungu, ya ɗiga ɗan fetur ya wanke lakar, ya sake gogewa. Ya karɓi kwalin ashanar Sambo, ya kankare bakin rota da gefen da ake ƙyastawa har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli. Ya kwance sauran fulogan ɗaya bayan ɗaya, yana busar da ramukansu, yana mayar da kowace waya inda ya ɗauke ta. Sannan ya kifa murfin sama, ya bar rana ta shige shi.

Jiran nan ya fi komai tsawo. Faruku ya yi alwala a bakin gulbi don ya samu abin yi. Ya dawo ya taɓa murfin, Namadi ya ce da saura. Ya je ya naɗe tiyo, ya dawo. Inuwar giyayya tana ta tsukewa zuwa gindinta, shi kuma yana kallonta kamar ita ke cinye masa rana. Daga nesa injinan ban-ruwa suna ta bugawa a gonakin mutane, kowanne ya tashi lafiya, har wanda ya jawo masa wannan.

Daga ƙarshe Namadi ya sa yatsa cikin murfin, ya duba yatsan, ya mayar da murfin, ya ɗaure.

"Shiga. Kada ka taka totur. Murɗa kawai."

Faruku ya yi bisimilla ya murɗa. Injin ya juya, ya yi tari, ya yi kamar zai koma, ya sake tari. Sai motar ta girgiza gaba ɗayanta ta kama. Baƙin hayaƙi ya fita ta salansa, ya koma fari, ya ɓace. Ƙarar ta daidaita, ta zauna.

Faruku ya bar hannuwansa a kan sitiyari yana jin rawar injin tana shiga tafinsa, tana haurawa ta hannun da wuta ta ja ɗazu. Sai a lokacin ya ji yunwa, ya tuna bai karya ba. Sambo ya ɗaga malfa sama yana sa albarka.

Namadi ya rufe bonet, ya zo ya dafa taga. Ya ɗaga kai ya dubi rana.

"To, ga ta nan. Amma ka duba sama. Ka isa gida ka yi wanka, ka ɗauki hanya, azahar ta riske ka a Anka. Kahin a gaisa, a ci abinci, gwaggonni su gama kuka da sallama, a ɗaura kaya, la'asar ta yi. Ba ka dawowa da jinjira kan hanyar ga bayan la'asar. Ni ban yarda ba, Malam Badaru ma ba shi yarda."

"Na sani."

"Ko ka buga masu ka roƙi gobe?"

Faruku ya girgiza kai. Gobe ba ta cikin maganar Malam Badaru. Zuwa aka ce, kuma yau. Abin da ya rage shi ne abin da bai taɓa yi ba, abin da ko a mafarki yake jin nauyinsa, wato ya kwana a garin surukai, a shimfiɗa masa tabarma a zauren Malam Badaru, ya tashi da asuba su haɗa sahu, ƙannen matarsa suna leƙe suna ƙunshe dariya. Ya auna wannan kunyar, ya auna ɗakin da ya share, ya ga ba su ma yi kusa da juna ba.

Ya ciro waya ya kira. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Kina jin wannan?" Ya miƙa wayar waje ta taga, wajen bonet, ya bar ta ta saurara, sannan ya dawo da ita kunne.

"Na ji," ta ce, muryarta tana rawa da dariya. "Ta tashi."

"Ta tashi." Ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda Namadi da Sambo za su ji, don kada ya samu hanyar janyewa. "Ki ce wa Inna a ɗaure gadon. Ki ce wa Baba ina bisa hanya, kuma yau a zaurenshi zan kwana. Gobe da hantsi mu taho gida gaba ɗaya."